Tambayoyi da Amsoshi Kan Kallo da Tara Tsofaffin Fina-finan Asiya ta Tsakiya

Waɗanne ƙasashe ake nufi da Asiya ta Tsakiya, kuma fina-finan wane zamani ake kira tsofaffi?

Ƙasashe biyar ake nufi, wato Kazakistan, Kirgistan, Tajikistan, Turkmenistan da Uzbekistan, waɗanda dukansu jamhuriyoyi ne a ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet har zuwa rushewarta a 1991. Kowace jamhuriya tana da kamfanin fim guda na gwamnati, kuma kusan duk abin da aka shirya a ƙasar daga nan ya fito: Uzbekfilm a Tashkent, Kazakhfilm a Alma-Ata wadda yanzu ake kira Almaty, Kirgizfilm a Frunze wadda ta koma Bishkek, Tajikfilm a Dushanbe, da Turkmenfilm a Ashgabat. Sunayen garuruwan yankin ba baƙi ba ne ga wanda ya yi karatun hadisi, domin Bukhara ta Imam Bukhari da Tirmiz ta Imam Tirmizi duk a cikin Uzbekistan ta yau suke. Idan masu tara fina-finai suka ce tsofaffi, galibi suna nufin abin da aka shirya daga tsakiyar shekarun 1920, lokacin da aka buɗe kamfanonin farko a Bukhara da Tashkent, zuwa ƙarshen shekarun 1990, lokacin da tsarin da gwamnati ke ɗaukar nauyin komai ya gama wargajewa.

Me ya sa samun waɗannan fina-finai yake da wuya haka?

Wahalar ta samo asali ne tun ranar da aka shirya su. A tsarin Sobiyet hukumar Goskino ce ke tantance kowane fim ta ba shi daraja, kuma darajar ce ke yanke yawan kwafin da za a buga a rarraba wa gidajen sinima. Fim ɗin da ya faranta wa hukuma rai yakan sami kwafi masu yawa ya zagaye tarayyar baki ɗaya, wanda kuwa aka ga ya cika baƙin ciki, ko ya cika jingina da al'adun gargajiya, sai a buga masa kaɗan, a nuna shi a 'yan garuruwa na ɗan lokaci a janye. Da yawa daga cikin fina-finan da masana suka fi yabawa a yau suna cikin rukuni na biyu.

Dalili na biyu shi ne inda aka ajiye uwar fim, wato zaren asali da ya fito daga kyamara wanda daga jikinsa ake buga sauran. Bisa ƙa'ida, uwar fina-finan labari ana tura ta ne zuwa babban ma'ajiyar Gosfilmofond da aka kafa a 1948 a Belye Stolby, kusa da Masko. Da tarayyar ta rushe, sai sababbin ƙasashen suka wayi gari da kwafin da aka riga aka gurje a majigi, alhali mafi kyawun abin da suka shirya yana hannun wata ƙasa. Saboda haka duk gyaran da za a yi wa fim da kyau yana buƙatar yarjejeniya tsakanin ɓangarori biyu ko uku, da kuɗin da ba kasafai ake samu ba.

Sannan ga abin da ya biyo bayan 1991. Tajikistan ta faɗa yaƙin basasa daga 1992 zuwa 1997, harkar fim ta kusan tsayawa cik. A Turkmenistan gwamnatin Saparmurat Niyazov ta kusan kashe sana'ar gaba ɗaya, gidajen sinima suka rufe, wasu manyan daraktoci suka bar ƙasar. Wannan ne ya sa fina-finan Turkmenistan suka fi na kowa wuyar samu da kyakkyawan hoto har gobe.

Wanda bai taɓa kallon ko ɗaya ba, da wanne ya kamata ya fara?

Shawarar da ta fi dacewa ita ce a fara da shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970, domin a lokacin ne 'yan asalin yankin da suka yi karatu a makarantar fim ta VGIK da ke Masko suka dawo gida, kuma takunkumin zamanin Stalin ya ɗan sassauta. Idan fim ɗaya kawai mutum zai iya nema, to ya nemi Nevestka, wato Suruka, na Khodjakuli Narliev daga Turkmenistan, wanda ya fito a 1972. Labarin wata mata ne da mijinta bai dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu ba, ta ƙi komawa gidan iyayenta, ta zauna da tsohon surukinta makiyayi a tsakiyar hamada tana kula da shi da garkensa. Magana kaɗan ce a cikinsa, don haka ko kwafin da ba shi da fassara ba ya hana a fahimce shi, kuma rawar da Maya-Gozel Aimedova ta taka tana cikin mafi kyawun abin da yankin ya bari.

Daga Kirgistan akwai Nebo nashego detstva, wato Samaniyar Ƙuruciyarmu, na Tolomush Okeev, kan wani tsohon makiyayin dawaki da aikin titi ya ratsa makiyayarsa, 'ya'yansa kuma suna zamewa birni ɗaya bayan ɗaya. Daga Kazakistan akwai Zemlya ottsov, wato Ƙasar Kakanni, na Shaken Aimanov (1966), inda wani dattijo da jikansa suka hau jirgin ƙasa don ɗauko ƙasusuwan ɗansa da ya mutu a fagen fama su binne shi a mahaifarsa, sai suka tarar kabarin na gayya ne da ya haɗa sojoji na ƙabilu daban-daban. Daga Uzbekistan akwai Sen yetim emassan, wato Kai Ba Maraya Ba Ne, na Shukhrat Abbasov (1962), wanda aka gina kan labarin gaskiya na wani maƙeri a Tashkent da matarsa da suka riƙe marayun yaƙi fiye da goma. Daga Tajikistan kuwa Hasan-arbakesh na Boris Kimyagarov (1965) ya ba da labarin mai amalanke da motocin ɗaukar kaya suka raba da sana'arsa.

Mai karatu zai lura cewa kusan dukansu abu ɗaya suke zagayawa: mutumin karkara da zamani ya cim masa ba tare da an nemi shawararsa ba. Wannan ba daidaituwa ba ce kawai. Daraktocin ba su da ikon sukar tsarin kai tsaye, sai suka riƙa tsayar da kyamara a kan abin da yake ɓacewa, suka bar mai kallo ya yanke hukunci da kansa.

Me ake nufi da "abin al'ajabin Kirgistan" da ake yawan ambata?

Laƙabi ne da masu sharhi suka ba wa shekarun da ƙaramin kamfanin Kirgizfilm ya fitar da jerin fina-finan da suka yi fice fiye da ƙarfinsa. Jigon abin shi ne marubuci Chingiz Aitmatov, wanda ya shugabanci ƙungiyar masu shirya fim ta jamhuriyar shekaru da dama, kuma labaransa ne tushen fina-finai masu yawa. Larisa Shepitko ta ɗauki Znoy, wato Zafi, a can a 1963, inda Okeev ya yi aikin sauti, Bolotbek Shamshiev kuma ya fito a matsayin jarumi, kafin kowannensu ya zama darakta. Andrei Konchalovsky ya biyo da Pervyi uchitel, wato Malamin Farko, a 1965, wanda ya ba wa Natalya Arinbasarova kyautar jaruma a bikin Venis na 1966. Shamshiev ya shirya Manaschi a 1965, gajeren fim na gaskiya kan Sayakbai Karalaev, mashahurin mai rera ƙissar Manas, gwarzon mutanen Kirgiz, da ka, sannan Belyi parokhod, wato Farin Jirgin Ruwa, a 1976. Okeev ya ci gaba har ya karɓi kyautar azurfa a bikin Berlin na 1985 da Potomok belogo barsa, wato Jikan Farar Damisa.

Akwai abin nema kafin 1960?

Akwai, sai dai nan ne fagen ya fi ƙunci. Fina-finan farko marasa sauti, irin su Minaret smerti, wato Hasumiyar Mutuwa, na 1925, Rashawa ne suka shirya su, kuma sun nuna yankin a matsayin ƙasar sarakuna azzalumai da kuyangi don burge 'yan kallon Masko. Turksib na Viktor Turin (1929), kan shimfiɗa layin dogo tsakanin Turkistan da Saberiya, shi ne mafi sauƙin samu, domin cibiyar fim ta Birtaniya, BFI, ta fitar da shi a faifai a 2011. Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne labarin Suleiman Khodjaev, wanda ya shirya Tong oldidan, wato Gabanin Asuba, kan tawayen da mutanen yankin suka yi wa mulkin sarkin Rasha a 1916, aka hana fim ɗin, shi kuma aka kashe shi a kame-kame da kashe-kashen da Stalin ya yi a 1937. A lokacin yaƙi, daga 1941 zuwa 1944, an kwashe Mosfilm da Lenfilm, kamfanonin fim na Masko da Leningrad, zuwa Alma-Ata, inda aka shirya mafi yawan fina-finan tarayyar na waɗannan shekaru, har da kashi na farko na fim ɗin darakta Sergei Eisenstein kan sarki Ivan na Rasha. Tahir da Zuhra na Nabi Ganiev (1945) shi ne fim ɗin Uzbekistan na wannan zamani da ya fi dacewa a nema.

Me ya sa fim ɗaya yake zuwa da sunaye da shekaru daban-daban?

Domin kusan kowane fim yana da suna na Rashanci, da na harshen jamhuriyar, da kuma sunan da aka ba shi don kasuwar waje, kuma ba dole ne ma'anarsu ta zo ɗaya ba. Fim ɗin Okeev da aka ambata a sama, a harshen Kirgiz sunansa Makiyayar Bakai ne, babu samaniya babu ƙuruciya. Sunayen daraktoci ma haka suke sauyawa gwargwadon wanda ya juya su zuwa haruffan boko, shi ya sa za a ga Khamraev a wani wuri, Hamroyev a wani, alhali mutum ɗaya ne. Shekara kuwa wani yana rubuta wadda aka kammala aiki, wani yana rubuta wadda aka fara nunawa, kuma tazarar takan kai shekara ɗaya ko biyu, kamar Kyz-Zhibek na Kazakistan da ake rubuta wa 1970 ko 1972. Hanyar da ta fi tsaro ita ce mai tarawa ya kwafi sunan da haruffan Rashanci ya yi bincike da shi, domin abin da zai fito ya ninka wanda zai samu da haruffan boko, sannan ya rubuta dukan sunayen a kundinsa don kada ya sayi fim ɗaya sau biyu.

Wane harshe ne na asali, Rashanci ko na ƙasar?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci ga mai tarawa, kuma ba ta da amsa guda. A tsarin Sobiyet ba a cika ɗaukar murya a wurin ɗaukar hoto ba, sai an dawo ɗakin sauti ake ɗora ta. Fim ɗin da za a tura Masko don tantancewa da rarrabawa dole ne ya kasance da Rashanci, sannan a yi wani da harshen gida don 'yan jamhuriyar. Wasu an ɗauke su 'yan wasa suna furta Rashanci, daga baya aka ɗora harshen gida. Wasu kuma akasin haka ne. Wasu ma an gauraya, domin akwai jaruman da ba sa jin harshen da labarin yake buƙata. Sau da yawa muryar da ake ji ba ta jarumin da ake gani ba ce, ko a wane harshen.

Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauka cewa kwafin harshen gida ne kullum na asali, ko kuwa na Rashanci ne kullum na jabu. Abin da ya kamata shi ne a duba leɓɓan 'yan wasa a wurin da kyamara ta matso, a ga da wane harshe motsin bakin ya dace. Duk da haka, a fina-finan da waƙa da karin magana suke ɗauke da nauyin labari, kwafin harshen gida ya fi daraja nesa ba kusa ba. Sostyazanie, wato Gasa, na Bulat Mansurov (1963) daga Turkmenistan, labarin makaɗin dutar ne, wani kayan kiɗa mai tsirkiya biyu, da ya zaɓi ya fanshi ɗan'uwansa daga bauta ta hanyar gasar kiɗa maimakon yaƙi, kuma irin wannan fim yana rasa wani abu idan aka raba shi da harshen mutanensa.

Akwai nau'i na uku da ya kamata a sani, wanda ake barin sautin asali a ƙasa, mutum ɗaya yana karanta fassarar Rashanci a kai, kusan yadda aka saba ji a fina-finan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa. Wannan yakan danne kiɗa da shiru, kuma a fim irin na Narliev shirun shi ne rabin aikin. Idan babu wani sai shi, a riƙe shi, amma a rubuta a kundi cewa ana ci gaba da neman wanda ya fi shi. A ganina, mai fina-finai talatin da ya san harshe da tsawo da asalin kowane kwafi ya fi mai ɗari uku da bai san abin da ke hannunsa ba.

Yaya waɗannan fina-finai suke nuna Musulunci?

Dole mai kallo ya shiga da saninsa cewa gwamnatin da ta biya kuɗin shirya su ba ta yarda da addini ba. A fina-finai da yawa malami da attajiri su ne miyagu, kuma akwai rukuni guda na fina-finan harbe-harbe a kan dawaki da ke nuna 'yan Basmachi, waɗanda suka yi wa mulkin Sobiyet tawaye a shekarun 1920, a matsayin 'yan fashi. Sedmaya pulya, wato Harsashi na Bakwai, na Ali Khamraev (1972), yana cikin waɗanda suka fi shahara a wannan rukuni. Amma a shekarar nan dai Khamraev ya fitar da Bez strakha, wato Ba Tsoro, kan gangamin 1927 na tilasta wa mata yar da lulluɓi, kuma maimakon ya yi bikin nasara sai ya nuna yadda gaggawar masu mulki ta jawo wa matan ƙauye kisa. Wanda ya kalle shi da natsuwa zai ga cewa fim ɗin bai wanke kowane ɓangare ba.

A wasu kuma addinin yana nan a ɓoye cikin al'ada, a yadda ake jana'iza, da girmama tsofaffi, da shafa fuska bayan cin abinci. An kuma yi fina-finan tarihi kan manyan malaman yankin, kamar na Abbasov kan Al-Biruni (1974) da na Elyor Ishmukhamedov kan ƙuruciyar Ibn Sina (1982), ko da yake an fi jaddada iliminsu na kimiyya, aka rage ambaton imaninsu.

Mene ne sabon salon Kazakistan, kuma ya shiga sahun tsofaffi?

Ya shiga, kuma shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin samu. A 1984 darakta Sergei Solovyov ya ɗebi wasu matasa daga Kazakistan ya koyar da su a VGIK, kuma daga wannan aji da abokan tafiyarsu aka sami fina-finan da suka yi watsi da jarumta da wa'azin jam'iyyar Kwaminis. Igla, wato Allura, na Rashid Nugmanov (1988), wanda mawaƙi Viktor Tsoi ya fito a ciki, ya taɓo shaye-shayen ƙwaya, ya kuma nuna jiragen ruwa da suka maƙale a busasshen tekun Aral. A kula cewa Nugmanov ya sake tsara shi ya fitar a 2010 da ƙarin hotuna, don haka akwai nau'i biyu, kuma na 1988 ne ake nema. Serik Aprymov ya shirya Konechnaya ostanovka, wato Tashar Ƙarshe, a 1989. Ardak Amirkulov ya shirya Gibel Otrara, wato Faɗuwar Otrar, a 1991, kan harin da Mongol suka kai wa birnin Otrar a 1219, fim mai kusan awa uku da zubar da jini mai yawa wanda bai dace da yara ba. Darezhan Omirbaev kuma ya ci kyauta a Locarno da Kairat a 1992, da wata a Cannes a 1998. A Tajikistan Bakhtyar Khudojnazarov ya ɗauki Kosh ba kosh a Dushanbe ana tsakiyar yaƙin basasa, ya karɓi kyautar azurfa a Venis a 1993.

A ina ake samun kwafi na halal mai kyau?

Waɗanda aka yi wa cikakken gyara ba su da yawa. Fitacce a cikinsu shi ne Mest, wato Ramuwa, na Yermek Shinarbaev (1989), labarin da ya shafi Koriyawan Tarayyar Sobiyet, wanda gidauniyar Martin Scorsese ta gyara a 2010 tare da ma'ajiyar fina-finai ta Bologna. Kamfanin Eureka ya fitar da shi a Birtaniya a 2013, Criterion kuma a Amurka a 2017. Gidauniyar ta kuma gyara Faɗuwar Otrar a 2024.

A tsakiyar shekarun 2000 masaniyar fim Gulnara Abikeyeva ta haɗa wani tarin faifai goma da tallafin cibiyar Open Society, biyu daga kowace ƙasa, ɗaya na shekarun 1960 ko farkon 1970, ɗaya na shekarun 1990, duka da fassarar Ingilishi. Ba don kasuwa aka yi shi ba, an raba shi ne ga ɗakunan karatu da jami'o'i, shi ya sa yake da wuyar samu, amma shi ne tushen kwafi masu fassara da yawa da ke yawo a yau. Kamfanonin Rasha irin su Ruscico sun fitar da tsofaffin fina-finan Sobiyet da fassara cikin harsuna da dama, sai dai sun fi karkata ga na Masko da Leningrad. Wasu kamfanonin yankin da tashoshin talabijin nasu suna ɗora tsofaffin fina-finansu a YouTube, galibi babu fassara, kuma nan ne aka fi samun kwafin harshen gida. Don sanin abin da ya kamata a nema, littafin Cinema in Central Asia da Michael Rouland da Abikeyeva da Birgit Beumers suka shirya a 2013 yana da amfani sosai.

Faifan da aka sayo daga waje zai yi aiki a na'urar da ke gida?

A tsarin DVD, Rasha da Asiya ta Tsakiya da mafi yawan Afirka, har da Najeriya da Nijar, duk suna yanki na 5, don haka faifan Masko ko Almaty ba ya ba da matsala. Na Birtaniya yanki na 2 ne, na Amurka na 1. A tsarin Blu-ray rabon ya bambanta: Afirka da Turai suna yankin B, Amurka tana A, Rasha da Asiya ta Tsakiya suna C. Ke nan mai na'urar yankin B zai fi samun sauƙi da fitowar Eureka fiye da ta Criterion. Na'urar da ke karanta kowane yanki ita ce mafita ga wanda ya ɗauki abin da gaske. Kaset na bidiyo na zamanin Sobiyet da tsarin SECAM aka naɗe su, kuma a na'urar da ba ta san shi ba hoton yakan fito baƙi da fari.

Ta yaya ake gane kwafi mai kyau da marar kyau?

A fara da faɗin hoto. Fina-finai da yawa na shekarun 1960 da 1970 an ɗauke su ne da faffaɗan allo, amma kwafin talabijin yakan yanke gefe biyu don ya cika akwati, har a ga mutum yana magana da wanda ba a gani. A fim ɗin da fili da duwatsu suke cikin ma'anarsa, wannan yankan ɓarna ce babba. Alamarsa ita ce sunayen farkon fim su fito a matse ko a guntule.

Na biyu shi ne launi. Zaren da masana'antun Svema da Tasma suka samar ba ya riƙe launi da kyau, don haka tsohon kwafi yakan rine zuwa ja-ja ko ruwan ƙasa. Akasin haka ma matsala ce, domin wasu gyare-gyaren kwamfuta suna goge ƙwayar hoton har fuskoki su zama kamar roba, ko su ƙara launi fiye da kima. Kwafi mai 'yan zane-zane da ƙwayarsa ta asali ya fi irin wannan.

Na uku shi ne tsawo. Sinima tana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, talabijin na tsarin PAL kuma 25, saboda haka fim mai minti 90 zai koma kusan 86 ba tare da an cire komai ba. Idan bambancin ya wuce wannan, to akwai yiwuwar an yanke wani abu, ko nadi guda ya ɓata.

Akwai wata alaƙa tsakanin wannan sinima da Afirka ko Indiya?

Akwai, kuma ta fi yadda ake zato ƙarfi. Daga 1968 Tashkent ta riƙa karɓar bikin fina-finan Asiya da Afirka duk bayan shekara biyu, daga baya aka ƙara Latin Amurka, kuma Ousmane Sembène na Senegal yana cikin waɗanda suka halarta tun farko. Souleymane Cissé na Mali da Abderrahmane Sissako na Muritaniya sun yi karatu a VGIK, makarantar da ta horar da daraktocin yankin, har Sissako ya ɗauki gajeren fim ɗinsa Le Jeu a hamadar Turkmenistan. Ta ɓangaren Indiya kuwa, Alibaba Aur 40 Chor na 1980, wanda Dharmendra da Hema Malini da Zeenat Aman suka fito a ciki, haɗin gwiwa ne da Uzbekfilm, kuma Latif Faiziyev da Umesh Mehra ne suka ba da umarni tare. Su biyun sun sake haɗuwa a Sohni Mahiwal a 1984. Alibaba yana da nau'in Indiyanci da na Rashanci waɗanda tsawonsu ya bambanta, don haka yana da kyau a mallaki duka biyun a kwatanta.

Ya dace mutum ya sayi zaren fim na gaske ko fosta?

Zaren fim ba abin da za a shiga da wasa ba ne. Fim guda na milimita 35 yana zuwa ne a gwangwanaye da yawa masu nauyi, kuma yana buƙatar majigi da ɗaki mai sanyi. Mafi tsufa a cikinsu na sinadarin naitret ne, wanda yake kamawa da wuta cikin sauƙi kuma ruwa ba ya kashe shi, don haka ba a ajiye shi a gida ko kaɗan. Na bayansa kuma idan ya fara warin tsami irin na binega, to ya fara ruɓewa, kuma yana saurin lalata na kusa da shi. Wanda ya ci karo da zaren da yake zaton ba shi da na biyu, abin da ya fi shi ne ya tuntuɓi ma'ajiyar fina-finai ta hukuma.

Fosta ta fi sauƙi. Ta asali takan ɗauki ƙananan rubutu a gefen ƙasa da ke nuna maɗaba'a da shekara da yawan da aka buga, takardarta kuma siririya ce mai alamun naɗi. Waɗanda Sovexportfilm ta buga don kasuwar waje suna zuwa da harsunan ƙetare, kuma zanensu yakan bambanta da na gida. Tsofaffin mujallu irin su Sovetsky Ekran da Iskusstvo Kino suna da araha, kuma suna taimakawa wajen tabbatar da shekara da sunayen ma'aikata. Kafin a sayi wani abu mai tsufa daga waje, a bincika dokar fitar da kayan tarihi ta ƙasar da yake.

Yaya za a adana tarin a ƙasa mai zafi da ƙura?

Faifai da kaset ba sa jure zafin bazara, ƙurar hunturu tana karce su, laimar damina kuma tana kawo fumfuna, musamman ga kaset da takarda. A jera faifai a tsaye cikin kwalinsu, a ɗakin da rana ba ta bugawa, nesa da rufin kwano, fosta kuma a shimfiɗe tsakanin takardu masu tsabta ba tare da salatif ko gam ba. Faifan da aka kwafa a kwamfuta ya fi na masana'anta saurin mutuwa, saboda haka duk abin da ba za a iya sake samunsa ba a juye shi a ma'ajiyar kwamfuta guda biyu, a ajiye su a wurare daban-daban, a riƙa kunna su lokaci-lokaci don tabbatar da lafiyarsu. Kada a matse fayil don rage girmansa, kuma a ajiye fassarar rubutu a fayil nata daban maimakon a manna ta a jikin hoto, domin idan an sami kwafin da ya fi kyau daga baya a iya ɗora ta a kansa. A kowane fim a rubuta sunayensa duka, da darakta, da kamfani, da shekara, da harshen sauti, da tsawonsa a minti, da faɗin hotonsa, da inda aka samo shi.